Ranar da Kawu Ya Koma Bayan Layi

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, dawa tana cikin fitar da kai. Kafin rana ta take gida ya cika. 'Yan'uwanmu da suka yi ƙaura zuwa Dahome suka tsallako cikin kwalekwale biyu, mata suna kuka tun daga bakin ruwa. Masu kifi na kasuwar Lolo suka zo. Wasu Fulani da ya saba tsallakarwa suka jingine sandunansu, suka tsuguna nesa kaɗan da ƙofa. Liman ma ya zo, ko da yake ba addininmu ɗaya ba. Ya tsaya a zaure ya ce, "Allah shi ba ku haƙuri. Mutumen ga bai taɓa ɗaga ma kowa murya ba."

Duk wanda ya buɗe baki kalma ɗaya yake faɗi, tawali'u. Wannan ya ce ba a taɓa yin mai tawali'u irinsa ba, wancan ya ce tawali'unsa ya isa a koya wa yara. Inna, mahaifiyata, ita ce yayar Kawu. Tana zaune a bakin ɗakin da gawar take, idonta a bushe. Da yabon ya ishe ta sai ta ɗaga kai.

Ta ce, "Kun cika mini kunne. To ga shi nan kwance da tawali'unai. Ku gaya mini inda za ku sa shi."

Kowa ya san ba mu da inda za mu sa shi. Maƙabartarmu, inda matarsa da 'ya'yansa biyu suke kwance, ta fita hannunmu shekara uku ke nan. Kawu kuwa bai roƙe mu komai ba a ciwonsa sai abu ɗaya, a kwantar da shi kusa da su.

Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, don kuma kada a tuna da rabinsa a bar rabi. Na ƙaunace shi fiye da ubana. Ina kuma jin haushinsa har gobe. Duka biyun zan faɗa.

Ƙauyenmu yana gaba da Lolo, inda mutum zai karya kumallo a Nijeriya ya ci abincin rana a Dahome. Gida goma sha huɗu ne muke bin Almasihu a lokacin, sauran gari Musulmi ne, manoma da 'yan kasuwa, da Fulani a gefe. Kakanninmu baƙi ne, daga ƙetaren ruwa suka zo, ba mu da ƙasar gado. Gonar da muke ci, shinkafa a fadama dawa a tudu, da ɗan filin da ke gefenta inda muke binne matattunmu, duka aro ne daga hannun Mai gari.

Kawu matuƙin kwalekwale ne. Shi ya riƙa tuƙa Baturen mishan a kogin Kwara, shi ya fara karɓar baftisma a cikinmu, shi kuma ya je ya roƙo mana wannan ƙasa. Bai iya karatu ba, amma abin da aka karanta masa sau biyu ya zauna ke nan. Ba wanda ya taɓa naɗa shi komai. Duk da haka in Bature ya tafi rangadi wata biyu, wurin Kawu ake kai rigimar miji da mata, shi ke faɗin ranar shuka, shi ke buɗe rumbun ikkilisiya a ba gwauraye hatsi in damina ta yi nisa.

A majami'a bakin ƙofa yake zama, kan wata tsohuwar tabarma, kusa da inda ake tuɓe takalma. In an ce ya matso gaba sai ya ce, "Ni matuƙi na, baya na saba zama. Daga nan nike ganin wanda ka gyangyaɗi." Ranar gayya a gonar ikkilisiya shi ke ɗebo ruwa. In an tashi aiki sai ya tsaya a bakin gona da tulu, yana zuba wa kowa a ƙafa yana murje masa laka, yana cewa Ubangijinmu ma ya yi wa mabiyansa haka, wane ne shi. Inna ba ta taɓa ƙyale shi ba.

"Ƙafafun mutane kake wankewa, taka kamar bayan kada!"

"Tawa ta saba, Yaya. Ko na wanke ba ta jin magana."

Babban aikinsa a shekara guda ɗaya ne, kuma a lokacin ba mu ɗauke shi aiki ba. Kowace kaka, kafin kowa ya kai hatsi rumbu, Kawu zai zaɓi damin dawa mafi kyau, ya ɗora a kansa, ya ratsa tsakiyar gari da rana tsaka har zauren Mai gari. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi. Ya sauke damin, ya durƙusa, ya ce, "Ranka shi daɗe, ga shaida. Ƙasa taka ta, mu baƙinka na." Mai gari ya ce, "Na gani. Ku ci gaba da ci." Shi ke nan. Dami ɗaya ba ya ciyar da doki mako guda, ba don dawar ake yi ba. Samarinmu suna jin kunyar abin, har wasu su ɓuya in zai wuce. Ni ma wata shekara na tare shi a hanya na ce ya kawo in ɗaukar masa, furfura ba ta dace da dami ba.

Ya ce, "In kai ka ɗauka, dawa ta tai. In ni na ɗauka, jama'a ta tai. Ba ni hanya."

Ba zan manta da abin da ya yi mini ba lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu. Na haura shekara arba'in, ina son in shiga, ina jin nauyin zama a ƙasa tare da waɗanda na haifa. Kwana uku ina zagaya wurin kamar mai neman akuya. Rana ta huɗu da la'asar sai ga Kawu ya zo ƙofar gidana da ɗan buzunsa, ya ce in raka shi, zai je koyon boko. Muka je, ya shimfiɗa buzu a tsakiyar samari, ya zauna, idonsa ma ba ya ganin allo sosai. Malamin aji yana faɗi yana maimaitawa da ƙarfi, yana kuskurewa, ana dariya, shi ma yana yi. Duk dariyar da za a yi mini shi ya kwashe ta. Mako biyu ya yi yana zuwa. Da ya ga na zauna daram sai ya daina. Bai koyi ko baƙi ɗaya ba.

Wannan shi ne mutumin. Yanzu sai in faɗi ɗaya rabin.

Kawu yana da ɗan ƙane wanda ya riƙe tun uban ya rasu. Taubashina ke nan, ko da yake na girme shi da kusan shekara ashirin. Bature ya tura shi makarantar koyon wa'azi, ya yi shekara huɗu, ya dawo da keke da agogo da takalmi sau-ciki. Wasan taubasai bai mutu tsakaninmu ba. In ya gan ni da allo sai ya ce, "Malam Abacada, an kai baƙi na nawa?" Ni kuma in ce, "Baturen gawayi, sauko daga keken ka gai da ubangidanka." Kada in zalunce shi a takarda. Ba mugu ba ne. Ya koya wa yaranmu karatu, ya iya wanke gyambo, wa'azinsa yana shiga jiki. Abin da bai sani ba shi ne abin da Kawu ya sani, kuma bai san bai sani ba.

Shekarar da aka samu 'yancin kai Bature ya tara mu ya ce zai koma gida. Ya ce ƙasa ta zaɓi shugabanninta, mu ma sai mu zaɓi namu. Da yake yawancinmu ba mu iya rubutu ba, ya ce za a tsai da mutum biyu a gindin tsamiyar majami'a, su juya wa jama'a baya, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga. Tsofaffi suka kira sunan Kawu. Samari suka kira sunan Taubashi.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi. Suka tsaya, tsakaninsu taku biyar. Bature ya ɗaga hannu, muka tashi. Ban ma duba ba na san inda aka fi yawa. Layin Kawu ya miƙe har ya wuce inuwar tsamiya ya shiga rana. Bayan Taubashi samari ne 'yan kaɗan, suna kallon ƙasa. Ina na huɗu a layin Kawu, ina ganin ƙeyarsa. Na ga kunnensa yana sauraron takun ƙafafu. Na ga gumi yana bin wuyansa. Bature ya fara ƙirga daga baya.

Sai Kawu ya motsa. Bai waiga ba. Ya yi taku biyar ɗin nan, ya zagaya, ya bi layin samarin har ƙarshe, ya tsaya bayan wani yaro da bai daɗe da yin baftisma ba, ya harɗe hannuwa a baya.

Mutanen da suka yi shekara ashirin suna shuka ranar da ya ce a yi shuka, suna tsayawa inda ya tsaya, me ake so su yi? Tsohon da ke gaba ya dubi wurin da Kawu ya bari, ya dubi inda ya koma, ya ja sandarsa ya bi shi. Na biyu ya bi. Na uku ya bi. Na tsaya ina duban filin da ba kowa, zuciyata tana gaya mini wannan ba daidai ba ne. Na bi. Wannan laifina ne, na rubuta shi da hannuna.

Mutum ɗaya ya rage. Inna ta tsaya ita kaɗai a rana, ba kowa gabanta ba kowa bayanta. Bature ya ce mata cikin Hausarsa, "Mama, babu mutum a nan."

Ta ce, "Na gani, ba makauniya nike ba. Ƙirga ni nan."

Bature ya yi hawaye ranar. Ya rungume Kawu, ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ga tawali'u irin wannan ba, zai ba da labarinsa a majami'un garinsu. Na tabbata ya bayar, na tabbata an ji daɗi. Ya tafi da labarin, ya bar mu da abin da labarin ya haifa.

Kaka ta zo. Aka yanke dawa, aka ɗaure. Kawu ya zaɓi dami ya ajiye a ƙofar Taubashi, ya yi sallama, ya ce masa lokaci ya yi. Ina wurin.

Taubashi ya ce, "Baba, wannan zamanin ya wuce. Turawa ma sun sauka. Ni in ɗauki dami a ka in ratsa kasuwa in durƙusa? Mutum ba ya durƙusa wa kowa sai Allah. Zan rubuta masa takardar godiya, a kai masa damin a jaki."

Na ce, "Baturen gawayi, kanka ba zai fashe ba. Cire agogon ka ɗauka."

Ya ce, "Malam Abacada, in ka gama haɗa baƙi ka zo mu yi maganar manya." Ba dariya a muryarsa wannan karon.

Na dubi Kawu. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Shi ya goya yaron nan, shi ya yi masa kaciya, shi ya sayar da tunkiya ya ɗinka masa rigar makaranta. Da ya ce masa tashi, da ya tashi. Kawu ya daɗe yana duban damin, sannan ya ce, "Kai ne babba yanzu. Yadda ka gani."

Aka kai dami a jaki da takarda. Da yamma jakin ya dawo da damin, takardar tana soke a jikin igiya, ba a buɗe ta ba. Mai gari bai yi faɗa ba, bai aiko da ko kalma ba. Da bazara ta yi, muka fita sharar gona, muka tarar an riga mu. An raba fadamar da tudun ga mutanen gari. Ɗan aikensa ya ce mana an ji mun samu 'yanci, mai 'yanci kuwa ba ya cin ƙasar aro. Kaburburan da ke akwai ba za a taɓa su ba, za a riƙa kewaye su da garma. Sabo dai kada a haƙa.

Taubashi ya hau keke ya yi Bagudo wurin hukuma da takardu, ya dawo, ya sake komawa. Ko'ina aka ce masa ƙasar aro ta mai ita ce. A wannan damina rumbun ikkilisiya ya ƙare tun kafin gero ya nuna. Gida huɗu suka kwashe suka tsallaka Dahome, inda dangi suka ba su gona. Shekara ta biyu wasu biyar suka bi su. Jaririyar maƙwabcina da ta rasu a tsakani, a kwalekwale aka kai ta ƙetare aka binne, uwar tana riƙe da ita a cinya.

Daga baya na ji cewa Kawu ya gwada. Kaka ta biyu ya ɗauki dami daga 'yar gonar bayan gidansa, ya bi ta bayan gari ya je zaure, ya durƙusa. Mai gari ya tambaye shi, "Kai ne babbansu?" Ya ce a'a. Mai gari ya ce, "To tashi, abokina, gwiwarka ta tsufa. In gaisuwa ka zo na amsa. Damin jama'a kuwa ba ni karɓatai daga hannun wanda jama'a ba ta bayansa." Ya sa aka ba shi goro, ya dawo da daminsa.

Rigimarmu da shi sau ɗaya ce, a shekara ta uku. Lokacin karatuna ya fara kama ƙasa, ina bin Maganar Allah a hankali da ɗan yatsa. Na iso labarin Musa, inda Allah ya kira shi ya je ya fito da mutanensa, shi kuma ya yi ta kawo hanzari, bakinsa ba shi da kaifi, a aiki wani. Abin da ya tsayar da ni shi ne Allah bai yaba masa ba. Fushi ya yi da shi. Na karanta wurin sau uku don in tabbata ba ni ne na haɗa baƙin ba daidai ba. Da safe na sami Kawu a bakin ruwa yana toshe ɓarakar kwalekwale da tsumma. Na gaishe shi, na tsuguna, na ba shi labarin kamar bai sani ba.

Ya ce, "Na san shi. Tun ba ka yi gemu ba anka karanta mini."

Na ce, "To kai da Musa wa ya fi tawali'u? Shi ya tafi."

Ya ci gaba da dukan tsumma da guduma.

Na ce, "Kawu, kullum kana cewa matuƙi baya yake zama. Gaskiya ne. Amma yana zama da filafili a hannu. Kai ranar nan ka koma baya, ka jefa filafilin cikin ruwa, mu muna cikin jirgin. An yabe ka har ƙasar Turawa. Wa ya ci yunwar? Wa ya binne 'yarsa a ƙasar wasu?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na zaci zai kore ni, ko ya kawo mini maganar cewa na farko shi ne zai zama baran kowa, wadda ya fi so a duk koyarwar Ubangiji. Sai ya ajiye guduma. 

Ya ce, "Zauna sosai in gaya maka abin da ban gaya ma kowa ba. Kwana biyu kafin zaɓen, Bature ya kira ni ɗakinai. Ya nuna mini wani akwati cike da takardu. Ya ce wanda anka zaɓa shi za a riƙa aiko ma irinsu, daga mishan, daga gwamnati, shi amsa, shi sa hannu. Na dubi akwatin ga. Na ga kaina an miƙo mini takarda gaban mutane, na riƙe ta kai ƙasa, yara suna dariya. Da na ji ƙafafunku bayana, akwatin nike gani."

Na ce, "Kai da ka zauna cikin samari aka yi maka dariya mako biyu saboda ni?"

"Waccan dariyar ni na zaɓe ta. Wagga ba ni na zaɓa ba." Ya ƙara da cewa, "Tsoro na, ɗana. Na ji tsoro, anka ce tawali'u na, ni kuma ban ƙaryata ba, don sunan ya fi daɗi."

"Da ka tsaya, da Taubashi ya karanta maka takardun. Ɗanka ne."

"Yanzu na sani."

Na ce masa bai makara ba, ya tashi ranar Lahadi ya faɗi wannan a gaban jama'a, a sake layi. Ya girgiza kai. Ya ce in ya yi haka ya tuɓe yaron tsirara a kasuwa, ba zai ƙara iya tsayawa gaban mutane ba. Na ce to mu da muka saura fa? Ya ɗauki gudumarsa. Na tashi ban yi masa sallama ba, na yi wata biyu ban taka gidansa ba. Da na koma bai tayar da maganar ba, ya miƙo mini busasshen kifi ya ce in kai wa Inna.

Ga mu nan dai ranar Talata, rana ta karkata, gawa tana ɗaki, zafi yana ƙaruwa. Mutanen ƙetare suka ce a sa shi a kwalekwale, suna da fili. Taubashi ya ce haka ya fi, ko kuwa a jira ya rubuta takarda. Inna ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango ta zo har gabansa.

Ta ce, "Shi ya ba ka wurin ga da ƙafafunai. Abu guda ya roƙa duk rayuwatai. Ko ka tai wurin Mai gari ka roƙo mishi, ko in ɗaura zane in tai da kaina, gari shi gani."

Taubashi ya dube ni. Fuskarsa ta kumbura da kuka, domin shi ma ubansa ne ya mutu. Ya ce, "Ban san yadda ake yi ba." Na ce ya zo in raka shi.

Muka ratsa gari a ƙasa. Mai gari ya tsufa ƙwarai, yana kishingiɗe a zaure, an riga an gaya masa rasuwar. Na durƙusa. Na ji Taubashi ya daɗe a tsaye a gefena, sannan gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa.

Mai gari ya ce, "Allah shi ba mu haƙuri. Wa ke magana cikinku?"

Taubashi ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ne babbansu?"

"Ni ne."

"To ina saurare."

Mutumin da ke wa'azin awa guda ba ya tuntuɓe ya kasa haɗa magana. Ya ce ubansa ya rasu. Ya ce matar marigayin tana kwance can. Ya ce ya yi kuskure, ƙuruciya ce. Ya fara maganar gonar, cewa in za a duba mutanen da suka watse. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Gona tana hannun mutane shekara uku, sun zuba taki, sun aurar da ɗiya da ita. Ba ni tashinsu. Kun auna shi?"

Na ce an auna. A wurinmu kamar a wurinsu, da karan dawa ake gwada tsawon mamaci a kai wa masu haƙa. Ya ce a je a kawo karan. Aka kawo. Ya karɓa ya aza a cinyarsa, ya daɗe yana shafa shi daga wannan kai zuwa wancan.

Ya ce, "Ashe gajere na. Kullum a durƙushe nike ganinai, ban lura ba." Ya miƙa wa ɗan aikensa. "Ka tai da su. Kusa da matatai, tsawon karan ga, faɗin kamu biyu. Shi na ba, ban ba ku ba. Bayanai kada a sake zo mini da kara."

Kaburburan suna tsakiyar dawar wani yanzu. Mai gonar ya zo da laujensa, ya yanke dawarsa da ba ta nuna ba da hannunsa, ya buɗe mana wuri. Ɗan aiken ya aza karan a ƙasa, ya ja layi da ƙafa a kai da ƙafa. Muka haƙa daidai layin. Wurin bai ɗauki jama'a ba, mutum shida ne muka tsaya a bakin ramin, sauran suna cikin dawa, muryoyinsu kawai muke ji suna amsa addu'a. Muka rufe shi rana tana gab da faɗuwa.

Washegari mutanen ƙetare suka shiga kwalekwalensu suka koma. Gida biyar muka rage. Inna ta haura tamanin, ta riga ta gaya mini in tata ta zo kada in wahalar da kowa, in nemi matuƙi mai hankali wanda ba zai jiƙa mata likkafani ba.

Na san za a ci gaba da ba da labarin tsohon da ya bar gaba ya koma baya, za a kuma ce wa yara su yi koyi da shi. Ni abin da zan ce wa nawa, su yi koyi da shi a shekara ashirin ɗin da ya yi da dami a ka. Ranar da jama'a suka tsaya a bayansu kuwa, ko suna jin tsoro, su tsaya.

Ubangiji ya ba Kawu hutawa a wurin da ba a roƙon ƙasa. Ya gafarta masa taku biyar ɗin nan, ya gafarta mini nawa da na bi shi. Ni ban gama yafe masa ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya ba ni kwanakin da zan gama.